Lasar Kanwa a Iware

A cikin ranakun aikina akwai wadda har gobe ban manta da ita ba, wato ranar da na lulluɓe da tsohon mayafin yayata na bi wani dattijo kasuwar Iware a ɓoye, kamar mai neman kama ɓarawo. Na yi alkawari zan rubuta muku labarin kafin in miƙa makullin ɗakin magani in koma gida, musamman ku sababbi da kuka zo kuka tarar ana kirana 'Yar Sanda ba ku san mafari ba.

Lokacin ina jami'ar lafiya a ƙaramin asibitinmu na Abbare, kuma ni ce babba a ma'aikata, don likitanmu zagaye yake yi, ranar Alhamis kawai yake zama da mu. Alhamis ɗin muka ware ta zama ranar awo. Ga wanda bai san aikin ba, ba kowa muke sa wa ido iri ɗaya ba. Akwai waɗanda muke kira 'yan sahun gaba: wanda shekaru suka ja kuma jininsa ya hau, mai ciwon suga, mai shan taba, mai nauyin jiki, da wanda ciwon ya taɓa taɓawa ya sake shi. Su ne bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ke iya kayarwa ana tsaka da hira. In mutum ya zo sai ya zauna ya huta tukuna, ba surutu, sannan a ɗaura masa ɗamarar awo a damtse. A duba ƙafa ko ta kumbura, a ga kwalin maganinsa, a tambaye shi abin da yake ci. In awo ya ƙi sauka sai a tura shi gaban likita.

Ni kuwa Allah ya yi ni da rashin yarda. Na san an ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to ni dai nawa zunubin a bakin aiki na kwashe shi, kuma ba a banza ba. Na ga wanda bai sha magani ba duk wata, sai ranar awo ya haɗiye ƙwaya biyu a bakin ƙofar asibiti. Na ga wadda ta aro kwalin maƙwabciyarta da ya ƙare ta kawo mini a matsayin nata. Saboda haka in majiyyaci ya ce mini, "Kullum ina sha," sai in ce masa madalla, a raina kuma in ce za mu gani.

Bappa Hamman ya shigo hannunmu ne a farkon wata damina. Dogon mutum ne siriri, ya haura sittin, ba ya shan taba, ba ya ɗaga murya. Na san dai ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan shanu, yana cin kasuwar Iware da ta Mutum Biyu, sauran ranaku kuma yana wani ɗan shago nan cikin Jalingo. Wata safiya ya tashi daga alwala sai buta ta suɓuce daga hannunsa na hagu, harshensa ya yi nauyi. Kafin azahar komai ya dawo daidai, har ya ce ba zai je asibiti ba, matarsa Goggo Dudu ce ta sa shi a keke ta kawo shi. Na gwada jininsa na ga awon sama ya haura ɗari da tamanin. Da likita ya duba shi bai ɓoye masa ba.

Ya ce, "Bappa, wannan sallama aka yi maka. In ya dawo ba zai yi sallama ba."

Aka ɗora shi a kan magani, na zaunar da shi da matarsa na yi musu karatun da kuka sani: a rage gishiri, a rage dunƙulen miya, a bar kunun kanwa da jiƙon kanwa, a rage mai. Bappa ya ce, "Mi nani, Sista. Na ji." Goggo Dudu ta ce ita ke girki, in bar mata wannan.

Wata ya wuce, awo bai sauka ba. Likita ya ƙara masa ƙwaya ta biyu. Wani watan ya sake wucewa, abin ya ɗan motsa kaɗan ya koma inda yake. Sauran 'yan sahun gaba duk suna sauka, har da wani direban tifa da na tabbata rabin maganinsa a aljihu yake narkewa, amma Bappa yana nan a sama. Ruwa ba ya tsami banza, sai na fara bin zargina ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da na'urar awo. Na aro ta wani asibitin na gwada shi da ita, duk kanwar ja ce. Na koma kan maganin, ko jabu ne, na canza masa daga wani kwalin da na ga yana yi wa wasu aiki. Shiru. Sai na koma kansa shi kansa. Kwalinsa kullum a ƙare yake zuwa daidai lokaci, amma ƙarewar kwali ba shaida ba ce, ana iya zuba ƙwaya a masai. Na ja Goggo Dudu gefe na ce daga yau a hannunta zai riƙa karɓa, kuma ta tsaya har ta ga maƙogwaronsa ya motsa.

Ta ce, "Sista, ai tun farko haka ina yi."

Na ce, "To a ci gaba." A raina kuwa na ce saura ke.

Wata ranar da yamma, daidai lokacin ɗora tukunya, na yi musu dirar mikiya. Na ce wucewa nake yi na ce bari in gaisa. Goggo Dudu ta shimfiɗa mini tabarma, ni kuwa idona na kan murhu. Sai ta tashi ta ɗauko ludayi ta ɗebo miyar kuka daga tukunyar da ke kan wuta ta miƙo mini.

"Ɗanɗana. Ai shi ya kawo ki."

Na ɗanɗana. Lami ce salam, ko majinyacin asibiti ba a yi wa irin wannan horo ba. Na ce ko akwai wata tukunyar ta sauran gida. Ta buɗe mini kicin ɗin gaba ɗaya, ta ce tukunya ɗaya ake yi, don kada ya ga na wasu ransa ya biya. Jikokinta har sun daina cin tuwo a gidan, gidan maƙwabta suke gudu.

Ta ce, "Shekara talatin da wani abu muna tare. Ni zan kashe shi da gishiri?"

Na ba ta haƙuri, amma ban tashi ba, don na ga akwai magana a bakinta. Can ta rage murya ta ce ita ma akwai abin da ke damunta. In ya dawo daga kasuwa ba ya iya cin abinci sosai, sai ruwa yake ta ɗurawa, kofi bayan kofi, leɓensa duk a bushe. Kuma kullum tana ɗaura masa abincinsa a kwano ya tafi da shi.

Nan take na ce a raina biri ya yi kama da mutum. Ƙishirwa irin wannan ko suga ce ko gishiri. Mun gwada sugarsa lafiya lau. Saura tsire da balangu na kasuwar shanu, masu yaji da dunƙule kamar an yi gasa. Na ƙudurta cewa kwanon Goggo Dudu wani yake ba wa, shi kuma ya zauna gaban mai nama.

Ranar Alhamis na gaya wa likita. Ya ce shi niyyarsa ya ƙara ƙwaya ta uku ya tura shi babban asibiti a duba ƙodarsa. Na ce ya yi duk wannan, amma ya ba ni hutun kwana ɗaya ranar kasuwar Iware.

Ya cire tabarau ya kalle ni. "Sista, ke jami'ar lafiya ce ko 'yar sanda?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gani ya kori ji." Daga ranar sunan ya bi ni.

Na isa Iware da hantsi, kasuwa ta fara cika, ga kukan shanu, ga dillalai suna ta tafa hannu. Ban sha wuyar gano rumfarsa ba, tana gefen kara kusa da ta wani mai igiya. A nan na fara ganin kayan shanun da yake sayarwa: buhunan kanwa, fara da ja, da manda, da gishirin da ake ba dabbobi. Na ɗan yi zargi, amma na ce ai mai sayar da fetur ba shan sa yake yi ba. Na samu wuri wajen wata mai fura da nono da ke fuskantar rumfar, na ja mayafi na rufe rabin fuska, na sayi fura don kada a kore ni.

Mai tsire ya zo wucewa da tirensa ya tsaya a gaban Bappa, na gyara zama. Bappa ya ɗaga masa hannu ya girgiza kai. Da rana ta yi sama ya buɗe kwanon Goggo Dudu ya juya baya ya ci abinsa. Kunya ta fara kama ni, na ce yau 'yar sanda ta yi asarar kuɗin mota.

Ina shirin tashi sai ga wasu makiyaya sun tsaya a rumfar. Aka gaisa da Fulatanci, aka daɗe ana jam, jam, wato lafiya, lafiya. Babbansu ya nuna wani buhu da sanda. Bappa ya kwance bakin buhun, ya ɓantari kanwa kamar girman goro, ya kai baki ya tsotsa sosai, ya haɗiye, sannan ya miƙa wa mutumin shi ma ya lasa. Aka nuna wani buhun, ya sake yin haka. Aka zo kan gishirin, ya dumbuza da yatsu uku ya watsa a baki kamar mai cin gyaɗa. Suka saya suka tafi, wasu suka zo, aka sake daga farko. Na zauna ina kallo har furata ta tsinke. Duk mai saye sai an lasa masa, kuma kowane buhun da ya nuna. Tsakanin ciniki da ciniki kuwa yana ta kwankwaɗar ruwa daga jarka.

Ban san lokacin da na tsallaka na tsaya a kansa ba. Na yaye mayafin.

Ya ɗago a natse, ko gezau. "A'a, Sista. Shanu kin zo saya?"

"Bappa, me na gani a bakinka?"

Ya kalli guntun kanwar da ke hannunsa, ya kalle ni, da gaske bai gane laifinsa ba. "Wannan? Ai wannan ba ci ba ne, Sista. Aiki ne."

Ya sa aka ba ni benci. Mai igiyar da ke kusa, wani dattijo da ake kira Baba Yohanna, ya matso yana saurare, Bappa ya ce in bar shi, abokinsa ne tun suna samari. Sannan ya yi mini bayani. Wasu shekaru da suka wuce wani baƙon ɗan kasuwa ya taɓa kawo gishiri da aka gauraya da farin takin zamani don ya yi auki. Ido ba ya rarrabewa. Wani makiyayi ya saya ya ba garkensa, shanu suka yi ta faɗuwa. Tun daga nan ba makiyayin da zai sayi abin da zai sa a bakin saniyarsa sai mai kayan ya fara sa shi a nasa bakin, a gabansa, ya haɗiye. Haka ake yi a Iware, haka a Mutum Biyu, haka in sun biyo shi shago. Shi ma in zai sari kaya sai ya ɗanɗana kowane buhu.

Na ce, "To abin da kake haɗiya a yini ɗaya ya fi gishirin da Goggo za ta zuba a miyar mako guda. Kanwar nan da gishiri a wurin jininka duk ɗaya ne. Maganin yana ja ƙasa, kai kana ja sama."

Ya ce, "Ba wanda ya tambaye ni." Gaskiya ya faɗa, mu abinci muke tambaya.

A gabana ya yi alkawarin ya daina. Da izininsa na koya wa Baba Yohanna alamun da zai lura da su: in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya shafa ruwa ko jiƙa wani abu, a sa shi a mota a yi Jalingo.

Alhamis biyu da suka biyo baya awo ya sauko, saukowar da ban taɓa gani a wurinsa ba. An kuma duba ƙodarsa an ce ba laifi. Likita ya ce ya janye maganarsa, a ƙara wa 'yar sanda igiya. Na yi murna ƙwarai, amma na lura shi mai jikin ba ya murna. Ya rame a fuska, gaisuwa ma da ƙyar. Da na matsa masa sai ya faɗa mini abin da ke faruwa. Makiyaya sun zo sun nuna buhu, ya ɓantara ya miƙa musu bai lasa ba. Suka kalli juna. Wasu suka saya kaɗan don kunya, wasu suka ce za su zagayo, ba su zagayo ba. Magana ta fara yawo a kara cewa Hamman ya daina cin kayansa, a bincika.

Na ce ya lasa ya tofar. Ya ce tofarwa ta fi ƙin lasawa muni, kamar ka ce da bakinka kayan ba kyau. Na ce Baba Yohanna ya riƙa lasa masa. Ya ce, "Kayan nawa ne, harshe na suke so." Na ce to ya faɗa musu gaskiya, likita ne ya hana shi.

Ya girgiza kai. "Namiji ba ya tallan ciwon shi a kasuwa, Sista. Abin kunya ne. Kuma in sun ji, za su ce Hamman ya ƙare."

"To ni bari in je in faɗa musu."

Ranar ce kaɗai na ji muryarsa ta yi kauri. "Ban yarda ba."

Ku sababbi ku riƙe wannan. Ciwon majiyyaci sirrinsa ne. Ko kana ganin ramin da zai faɗa, ba ka da ikon kai maganarsa kasuwa in bai ba ka izini ba. Na ji zafin wannan doka a ranar kamar in yi ihu, amma na bi ta.

Alhamis ta gaba awo ya koma sama. Na kalli leɓensa, a bushe, har ya tsage a gefe.

"Bappa, ka koma."

Ya kawar da kai ya kalli taga. "Na daina."

Duk watannin da na yi ina zarginsa gaskiya yake faɗa mini. Wannan ce ƙaryarsa ta farko, kuma bai ma iya ta ba. Na shigar da shi wurin likita, aka ƙara ƙwaya ta uku, aka sake yi masa faɗa. Na kira Goggo Dudu a gabansa, ta yi kuka, ta ce a rufe rumfar su ci abin da Allah ya hore. Ya ce in ya rufe yanzu ya tabbatar musu da zarginsu ke nan, sunan da ya yi shekaru yana ginawa ya tafi. Bari dai magana ta kwanta, daga nan zai san dabara. Ya fita yana gyara hula, ni kuwa na bi bayansa da kallo raina a jagule.

Dabarar ba ta samu lokaci ba. Wata ranar kasuwa da azahar wayata ta yi ƙara, Baba Yohanna ne. "Sista, bakin shi ya juya. Muna mota, muna zuwa."

Na ce su wuce kai tsaye babban asibiti, na same su a can. Allah ya taimaka Baba Yohanna bai saurari masu cewa a kwantar da shi a inuwa a yi masa fifita ba. Aka karɓe shi da sauri, rai ya tsira, amma ɓarin hagu ya tafi, maganarsa kuma sai ka kasa kunne sosai.

A barandar asibitin Baba Yohanna ya ba ni sauran labarin. Wani babban makiyayi da ake kira Ardo Sali, wanda ya fi kowa daɗewa yana saye a wurinsa, shi ne a rumfar. Bappa ya ɓantari kanwa ya tsotsa ya haɗiye, ya ɗaga hannu zai miƙa, sai kanwar ta faɗi, bakinsa ya karkace, ya sulale a kan buhu. A idon jama'a mutum ya lasa kayansa ya faɗi. Me kuke so su ce? Kafin mota ta bar Iware magana ta gama kara: guba ce a kanwar Hamman, dama shi ya sa ya yi ta ƙin lasawa. Waɗanda suka saya da safe suka dawo suka zubar a gaban rumfar. Shugabannin kasuwa suka sa aka ɗaure buhunan aka ce kada a taɓa.

Sunan da ya sayar da lafiyarsa don ya tsare, shi ne ya fara tafiya. Na zauna a kan bencin barandar na yi kuka, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Bayan 'yan kwanaki da ya ɗan farfaɗo, Goggo Dudu ta gaya masa abin da ake faɗa, don ya dame ta da tambayar rumfa. Ina tsaye a gefen gado. Ya daɗe yana kallon silin, hawaye na gangarowa ta gefen da ya shanye. Sannan ya kamo bakin mayafina da hannun dama, ya yi ta kokawa da harshensa har maganar ta fito.

"Je ki faɗa."

Ranar kasuwa na sa farar rigata ta aiki, na rataya na'urar awo, ba mayafin ɓuya wannan karon. Baba Yohanna ya tara mini Ardo Sali da shugabannin kasuwa da duk wanda ya ga dama, a gaban rumfar. Na yi bayanin hawan jini da yadda gishiri da kanwa ke tunzura shi, na ce ciwon ya daɗe a jikinsa, mu muka hana shi lasa. Suna ji, amma fuskokinsu ba su saki ba. Na san wannan kallon, ni ma shi nake yi wa mutane ranar Alhamis.

Ardo Sali ya dogara a sandarsa ya ce, "Kai likitan shi ne, dole ka gyara mishi magana. Mu mun gani da ido. Ya lasa, ya faɗi."

Na ga surutu ba zai yi ba. Na ce a kwance buhunan. Ni da nake shan ƙwayar hawan jini tun haihuwar autana, ni da na hana rabin Abbare gishiri, na tsuguna na ɓantari farar kanwa na tsotsa na haɗiye. Na bi ja, na bi manda, na dumbuzi gishirin na watsa a baki. Na ce Ardo ya nuna duk buhun da yake shakka, ya nuna wanda Bappa ya faɗi a kansa, na ci daga shi ma. Bakina ya yi kamar an goge shi da toka. Na samu benci na zauna na harɗe hannu, na ce ga ni nan, sai su jira in faɗi.

Aka zuba mini ido. Wani ya kawo mini ruwa. Da aka ga ba abin da ya same ni sai Ardo ya sunkuya ya ɗauki guntun kanwa ya lasa, ya juya shi a hannu.

"To don me bai gaya mana ba?"

Na ce, "Kunyarku yake ji."

Ardo ya ajiye guntun kanwar. Sannan ya ce, "Tun ina bin baba na kasuwa nake saya wurin Hamman. Saniya na ko ɗaya bai taɓa ciwo da kayan shi ba. Da ya ce mana likita ya hana, wallahi ko ƙasa ya auna mana za mu karɓa." Ya juya ya yi wa jama'arsa magana da Fulatanci, na tsinci sunan Hamman da Allah hoynu, wato Allah ya sauwaƙe. Daga nan ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mini damtse, ya ce shi ma kwana biyu ƙeyarsa na sara. Ban bar Iware ba sai bayan la'asar, layi har bayan rumfar mai igiya, kuma ba Ardo kaɗai na tura Jalingo ba. Ranar Alhamis likita ya ji labari, ya zaunar da ni ya gwada ni da kansa, ya yi mini faɗan da nake yi wa mutane.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, zargi ba laifi ba ne a aikinmu, amma a san inda za a kai shi. Sau da yawa ba ƙarya mutum yake yi ba, tambayarmu ce ba ta kai inda rayuwarsa take ba. Tun daga lokacin ba na tsayawa a me kake ci. Sai in ce wa majiyyaci ya ba ni labarin aikinsa daga fitowa har komawa gida, don mai tsire da mai dafa abincin sayarwa su ma ɗanɗanon da suke yi ba sa kiransa ci. Kuma in ka hana mutum wani abu, tambayi abin da hanin zai ja masa a cikin mutanensa, ka taya shi ɗaukar nauyin tun da wuri. Gano ciwo shi ne ɓangare mai sauƙi.

Bappa Hamman ya koma rumfarsa bayan wasu watanni, yana jan ƙafa, Baba Yohanna na kwance masa bakin buhu. Yanzu a rumfar mai saye ne ke ɓantara ya lasa da kansa, kuma na ji an ce in baƙo ya nemi mai kaya ya fara, makiyayan da ke wurin ne ke tare shi. Alhamis ɗin farko da ya dawo awo, Goggo Dudu na riƙe da shi, ya zauna a gabana ya yi murmushi da rabin baki.

Ya ce, "Sista, ban lasa ba."

Na ce, "Na yarda, Bappa." Kuma har cikin raina na yarda. Amma hali zanen dutse, sai na jawo na'urar. Ya yi dariya, ya miƙo mini hannun dama, wanda ya rage masa.